Makonnin Farko da Maganin Ciwon Damuwa: Abin da Baƙon Maraɗi Ya Kamata Ya Sani

Wanda ya ƙetaro daga Katsina, Zamfara, Sakkwato ko Kano ya sauka Maraɗi ba ya jin kansa a ƙasar waje sai ranar da ya je asibiti. A kasuwa Hausa ake yi, a masallaci Hausa, amma takardar magani da Faransanci za a rubuto ta. Ko kalmar likita ma, a bakin mutanen nan sau da yawa asibitin ake nufi, mai duba ka kuwa lokotoro ne. Ɗalibin da ya zo karatu, ɗan kasuwar da ya kama haya, amaryar da aka kawo, da waɗanda rashin tsaro ya koro wannan yanki tun 2019, a cikinsu akwai waɗanda barci ya ƙaurace wa, abinci ya fita ransu, komai ya daina yi musu daɗi, har aka duba su aka ce ciwon damuwa ne, aka ɗora su a kan magani. Da su muke, da kuma masu kula da su a gida.

Wahalar wannan magani tana riga amfaninsa zuwa. Tashin zuciya, jiri, nauyin kai da bushewar baki suna iya sallama tun kwana na biyu. Sauƙin da ake nema kuwa ba ya fara leƙowa sai an yi mako 2 zuwa 4, cikarsa kuma takan kai mako 6 zuwa 8. Dalili shi ne sinadarin serotonin da yawancin magungunan nan suke ƙara wa ƙarfi ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake ba, mafi yawansa ma a hanji yake. Ciki yana jin canjin nan take, ƙwaƙwalwa kuwa sai a hankali take daidaita. A wannan tazara ne mutane suke ajiye magani, su ce bai karɓe su ba. Yawancin illolin farko suna lafawa da kansu cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Kafin ka bar farmasi, ka sa a karanta maka takardar da Hausa. In ka ga cp, ƙwaya ake nufi, gélule kuwa kafso. Le matin da safe, le soir da dare, au coucher lokacin kwanciya. Sai ka nemi sunan maganin na asali, domin a nan ne baƙi suka fi faɗawa rami. Laroxyl shi ne amitriptyline ɗin da aka sani a kemis na Najeriya. Prozac shi ne fluoxetine, Zoloft sertraline, Deroxat paroxetine, Seroplex escitalopram, Anafranil kuma clomipramine. Mutum zai taho da sauran amitriptyline a jaka daga gida, a nan a rubuta masa Laroxyl, ya riƙa shan duka biyun yana zaton magani biyu ne, alhali ninka abu ɗaya yake yi. Duk abin da ka taho da shi, ka zube shi gaban lokotoro ya gani da idonsa. Laroxyl yana zuwa ƙwaya mai miligiram 25 ko 50, yana kuma zuwa na ruwa da ake ɗigawa, ɗigo ɗaya miligiram ɗaya. In na ruwan aka ba ka, ba da cokali ake auna shi ba. Ka ƙirga ɗigon a cikin ɗan ruwa a kofi, da haske, ba a duhu ba.

Ana farawa da kaɗan ne da gangan. A tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa ma'aikatan asibiti, amitriptyline ana fara shi da miligiram 25 lokacin kwanciya, a riƙa ƙarawa mako-mako. Fluoxetine kuma miligiram 10 na mako guda, sannan a kai 20. Sertraline galibi daga 50 ake tashi, wani lokaci 25. Kada ganin ƙanƙantar ƙwayar ya sa ka ƙara da kanka don ka yi saurin warkewa. Illar ce za ta ƙaru, sauƙin ba zai yi sauri ba.

Amitriptyline ya fi sauran araha da sauƙin samu, shi ne kuma zafin Maraɗi ya fi fito da halinsa, don haka za mu daɗe a kansa. Yana busar da jiki: yawu ya ragu, bayan gida ya yi tauri, gani na kusa ya ɗan dushe har karatun waya ko Alƙur'ani ya yi wuya, zufa ma ta ragu. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40. Jikin da ba ya zufa yadda ya kamata ba ya iya huce kansa. Mai shan wannan magani ya guji ranar tsaka, ya mayar da zirga-zirgarsa safe da la'asar sakaliya, ruwa kuma kada ya rabu da hannunsa. Ga bushewar baki, kurɓa kaɗan-kaɗan ta fi kwankwaɗa sau ɗaya. Asuwaki yana taimakawa, haka cingam marar sukari. Alewa da lemon kwalba suna ba da sauƙi na minti biyar, su bar ka da ruɓewar haƙori, domin bakin da ba yawu ba ya wanke kansa. Taurin bayan gida kuwa maganinsa na kasuwa: kwaɗon zogale, miyar kuɓewa, wake, gwanda, dabino, ruwan tsamiya, da tafiyar ƙafa ta minti 20 ko 30 in rana ta yi sanyi. In an kwana 3 ko 4 babu labari, a koma asibiti, musamman mai basir.

Sai jiri. Maganin yana sa jini ya sauka in mutum ya miƙe farat ɗaya. An fi jin sa a tashin dare zuwa bayi, da ɗagowa daga sujada ko ruku'u. Ka zauna bakin gado ka ƙirga 30 kafin ka miƙe. A sallah ka ɗago a hankali, in kuma abin ya yi yawa a kwanakin farko, sallah a zaune ta halatta ga marar lafiya. Tsofaffi a nan ne suke faɗuwa su karye, shi ya sa ake ba su kaɗan. Nauyin barci ma haka: wanda ya sha da ƙarfe 11 na dare ba mamaki Asuba ta wuce shi, ya wuni kansa kamar an ɗora dutse. Ka matso da shi bayan Isha'i, wajen ƙarfe 8 ko 9, yadda nauyin zai ƙare a cikin dare. Ɗan kabu-kabu, direba, da mai aiki da injin niƙa ko na walda, su dakata kwanakin farko har su ga yadda jikinsu ya ɗauka. Mun san wannan maganar tana da nauyi ga wanda sai ya fita zai ci, to ya faɗa wa lokotoro sana'arsa tun farko, akwai magungunan da ba sa kawo barci haka.

Fluoxetine, sertraline da 'yan uwansu halinsu daban. Su tashin zuciya suka fi kawowa, da zawo, ciwon kai, ƙarancin barci, da wata irin faɗuwar gaba da rashin natsuwa a makon farko, har mutum ya ce ai damuwar ƙaruwa ta yi. A sha su da safe, bayan an sa wani abu a ciki, ko da koko da ƙosai ne. Citta a ruwan zafi tana kwantar da zuciya. Ga ciwon kai, farasitamol. Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne shayi. Shayin nan na majalisa mai kauri, zagaye uku, ga goro ga Nescafé, duk suna ƙara karkarwar hannu da bugun zuciya da rashin barcin da maganin ya riga ya taso. Ka tsaya a kofi ɗaya kafin Azahar na mako biyun farko. Majalisar dai kada ka daina zuwa, zama cikin mutane yana cikin magani. Wani lokaci lokotoro yana haɗa maka da Lexomil ko Valium, magungunan kwantar da hankali da sa barci, don ka haye wannan mako. Na 'yan makonni ne kawai. Waɗannan su ne suke kama jiki, kada ka je ka ci gaba da sayensu da kanka in sun ƙare.

Akwai illar da kunya take hana faɗa, ita kuma ba ta cika tafiya da kanta ba: raguwar sha'awa, jinkirin biyan buƙata, ko raunin gaba. Tana samun maza da mata. Ba asiri ba ne, ba kuma sanyi ba ne, maganin ne. Magidanci zai yi shiru ya ajiye magani, ko ya nufi mai tallan maganin ƙarfin maza, uwargida kuma ta ƙara kayan mata, gida ya ɗauki zargi. Ka ce wa lokotoro, "Tun da na fara maganin nan harkar iyali ta canza," ya isa, ya san sauran. Ana rage yawan maganin ko a sauya wani. Ƙiba ma haka, amitriptyline da paroxetine suna buɗe ciki, gara a hau sikeli sau ɗaya a wata tun da wuri.

Abin da ake haɗawa da maganin ya fi maganin kansa haɗari. Na gaba a ciki tramol. Shi ma yana ɗaga serotonin, haɗuwarsu tana iya kawo zazzaɓi mai zafi, zufa sharkaf, fizgar tsoka, rikicewar hankali da jijjiga, har ta kai ga rasa rai. Mai shan tramol don aiki ya faɗi gaskiya a ɗakin duba, ba za a iya kare shi daga abin da ya ɓoye ba. Wasu magungunan tari na ruwa ma suna da wannan matsala. Ibuprofen, diclofenac da asfirin in sun haɗu da su fluoxetine suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki, balle ga mai gyambon ciki. Giya tana ninka barci da jiri. Sai zazzaɓin sauro, wanda daga Yuli zuwa Oktoba ba gidan da yake tsallakewa. Coartem da ire-irensa masu lumefantrine suna hana hanta narkar da amitriptyline da clomipramine yadda ya kamata, kuma suna iya taɓa bugun zuciya in sun haɗu da escitalopram. Wannan ba dalilin ƙin maganin zazzaɓi ba ne, zazzaɓin sauro yana kisa. Dalili ne na zuwa a yi gwaji a asibiti ko CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, a faɗi abin da ake sha, maimakon a tsayar da mai tallan magani a kan tire. Addu'a da ruƙiya ba sa karo da ƙwaya. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba su ne abin tsoro.

Ba kowace illa ake yi wa haƙuri ba. In tunanin kashe kai ya zo ko ya ƙaru, ranar nan za a koma asibiti, ba sai ranar da aka ba da ba. An fi ganin haka a makonnin farko da lokacin da aka canza yawan magani, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25, abin da ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta tilasta rubuta gargaɗi a takardar bayanin magungunan tun 2004, ta faɗaɗa shi a 2007. Ɗalibin da ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya ya sami mutum ɗaya da ya yarda da shi, abokin ɗaki, uban ɗaki ko wata yaya a gidan, ya gaya masa ya fara magani, ya riƙa leƙa shi kullum. In amitriptyline ne, a ba wannan mutum ajiyarsa ya riƙa bayar da na mako-mako, domin shan sa da yawa lokaci ɗaya yana tsayar da zuciya. A kulle shi daga yara. Haka nan in mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ƙafa na ta motsi kamar ana tsikararsa, ko ya juye gaba ɗaya, barci awa 2 ya ishe shi, surutu ba tsayawa, kashe kuɗi ba lissafi, 'yan uwa kada su ce ya warke. Alama ce ta wani ciwon daban da maganin ya tono. Fitsari ya ƙi fita, ido ya yi ja da ciwo mai tsanani, kumburin fuska ko leɓe, baƙin bayan gida kamar kwalta, suma, jijjiga, ko tsoho ya rikice ya daina gane mutane, duk na gaggawa ne. A babban asibiti ka nemi ƙofar da aka rubuta Urgences, ka tafi da kwalin maganin a hannu.

Mai ciki, mai neman ciki da mai shayarwa su faɗa kafin a rubuta. Paroxetine ana kauce masa a farkon ciki, sertraline kuma yana cikin waɗanda aka fi zaɓa wa mai shayarwa. Wadda ta gano tana da ciki bayan ta fara, kada ta yanke da kanta, ta je a duba. Da azumi, tunda yawancinsu sau ɗaya ake sha a rana, na safe ya koma sahur, na dare ya zauna inda yake. Wanda ya fara amitriptyline ana tsakiyar zafi, jiri na kayar da shi, yana da rangwamen marar lafiya.

In ka manta ka tuna a ranar, ka sha. In har lokacin na gaba ya kusa, ka bar wancan, kada ka haɗa biyu. Ajiya kuma a inuwa, a wuri mafi sanyi a ɗaki, ba a akwatin babur ko kan taga ba.

Yankewa farat ɗaya tana kawo jiri, mafarkai masu firgitarwa, saurin fushi, da wani abu kamar wutar lantarki na ratsa kai. Paroxetine yana cikin waɗanda suka fi yin haka saboda yana saurin fita jiki, fluoxetine kuwa yakan ɗauki makonni kafin ya fita. Ko an ji sauƙi ana ci gaba aƙalla wata 6, Hukumar Lafiya ta Duniya ma wata 9 zuwa 12 ta ce, sannan a janye a hankali cikin makonni, da sanin lokotoro. Ga baƙo, yankewar sau da yawa ba da niyya take zuwa ba: ya je gida biki ko hutu magani ya ƙare, ko yana jiran a aiko masa daga Katsina hanya ta tsaya, kamar yadda aka gani da aka rufe iyaka a 2023. Ka sabunta tun saura na kwana 10. Ka ɗauki hoton takardar a waya, ainihinta kuma ta zauna tare da maganin a kwalinsa in za ka ƙetara iyaka ta Ɗan Isa, saboda masu bincike. In dare ya yi maka ko ranar Lahadi ce, ka tambayi wace ce pharmacie de garde ta wannan mako, ita ce ke buɗe in sauran sun rufe.