Kurakuran masu sa kwamfuta ta liƙa saƙo a BBS da kanta

Na gaji da ganin abu ɗaya yana ta maimaituwa. Mutum ya tsinci tsohon modam a gwanjo, ya ji labarin BBS, allon saƙonnin nan da ake kira ta layin tarho, irin wanda Ward Christensen da Randy Suess suka fara kunnawa a Chikago a 1978. Sai ya ce shi ba zai zauna yana buga lamba da hannu ba, kwamfuta ce za ta kira da tsakar dare ta liƙa masa sanarwa. Ba laifi. Haka muka yi da manhajojin kira ta modam, Telix da yaren ba da umarninsa SALT, da Procomm Plus da nasa ASPECT, yau kuma ga expect da minicom. Amma ramukan da muka afka a shekarun 1990 su ne dai ake afkawa yanzu.

Na farko, kuma uwarsu duka: sikirif, wato jerin umarnin da ka rubuta wa kwamfuta, ya riƙa ƙirga daƙiƙa maimakon ya saurara. Jira daƙiƙa biyar, tura suna. Jira uku, tura kalmar sirri. Jira biyu, danna E don fara rubuta saƙo. Ranar da ka gwada zai yi aiki, shi ya sa kake yarda da shi. Gobe mai allon ya ƙara sanarwa ɗaya a bakin shiga, mai tsayawa ta ce a danna maɓalli kafin a wuce, shi ke nan komai ya goce da taki ɗaya. Kamar ɗan aike ne da aka toshe wa kunne, aka ce ya isa ƙofa ya fara zuba bayani, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Kalmar sirrinka ta faɗa inda ba wurinta ba, rubutun saƙonka kuma ya zube a kan jerin zaɓi, inda kowane harafi umarni ne. A yawancin alluna G na nufin sallama, to ka fara saƙo da "Gaisuwa" ka ga ikon Allah. Maganin shi ne waitfor, yana cikin SALT yana cikin ASPECT: umarni ne mai cewa kada a tura komai sai an ga tambayar da ake jira. Ni guntun tambayar "Password" nake kamawa, "assword" ba tare da harafin farko ba, don ko babba ne ko ƙarami duk ɗaya. Kuma nakan sa wani kunne dabam da ke jiran "More" da "any key" a kowane lokaci, abin da track ke yi a SALT.

Na biyu shi ne wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci: sikirif marar birki. Ina ɗalibi a Amurka, allon da nake aika wa sanarwa yana wata jiha, kowane kira na nesa ne, ana caji a minti. Na rubuta cewa in saƙo bai shiga ba a sake kira. Sau nawa? Ban faɗa ba. Mai allon ya sauya fasalin tambaya ɗaya, sikirif ya shiga, ya cije a wurin, allon ya gaji da shirun ya katse, kwamfuta ta sake bugawa. Haka har asuba, dare bayan dare, ina barcina. Sai da takardar kuɗin tarho ta iso na san abin da ake ciki, kuɗin abincin wata ya tafi a iska. Mai allon kuwa layi ɗaya gare shi, na toshe wa kowa hanya, ya rufe mini asusu, kuma da gaskiyarsa.

Don Allah, ku masu fara wannan sha'ani, me zai hana ku sa iyaka? Layi uku ne fa na rubutu! Kowane jira ya kasance da wa'adi, in ya cika a kashe waya. Ni kira uku nake ba shi a dare, da tazarar minti goma sha biyar, in ya gaza ya rubuta dalili a fayil ya kwanta. Kashe wayar ma a tabbatar an kashe: shiru na daƙiƙa ɗaya, +++, wani shirun, sannan ATH0, umarnin da ke sa modam ya ajiye waya. Na fi son a sa AT&D2 tun farko don modam ya yanke da zarar kwamfuta ta sauke DTR, siginar da take nuna wa modam cewa tana shirye, a haɗa da AT&C1, in ba haka ba modam zai yi ta cewa layi na haɗe alhali tuni an rabu, sikirif ya ci gaba da yi wa bango magana. Kuma a koya wa sikirif bambanta amsoshin modam, BUSY da NO CARRIER da NO DIALTONE. Layi a cike dabam, waya a cire dabam.

Wani abin haushi shi ne layin da babu komai a ciki. A editan layi-layi na alluna da yawa, irin na PCBoard, in ka danna Enter a kan layi fanko ka ce ka gama ke nan. Sakin layinka na farko ya shiga, sauran ya koma umarni. Ka sa fili guda, wato space, a kowane layi fanko. Telix da Procomm duk suna da zaɓin yin haka wajen tura rubutu zalla. Ka kula da layin da ya fara da alamar / ma, don a wasu alluna /S ajiyewa ce, /A kuwa watsar da saƙon.

Gaskiya ni tuni na daina sa sikirif ya yi "bugu" a edita. Tun 1987 Mark Herring ya fito da QWK, tsarin ƙunshe saƙonni a fayil: ka rubuta saƙonka a gida, a ƙunshe shi a fayil mai ƙarshen REP, sikirif ya shiga ya miƙa ta Zmodem, hanyar tura fayil, ya fita. Wasu na ganin ragwanci ne, su ta shafa. Sai dai nan ma akwai tarko, wato a manta a goge REP ɗin bayan ya shiga. Gobe a sake tura shi, jibi ma haka. In zauren da ka liƙa saƙon na FidoNet ne, haɗakar alluna masu musayar saƙonni, kwafin zai bazu zuwa duk allunan da ke ɗauke da shi, kuma matatar kwafi ba lalle ta kama ba, tunda kowane shigarwa sabuwar lambar shaidar saƙo, MSGID, yake samu. Mutanen da ke biyan kuɗin waya daga aljihunsu don jigilar saƙonni ba sa yafe wannan. Zmodem ya ce an gama, a sauya wa fayil suna nan take, kafin ma a yi sallama.

Sauran ƙanana ne. Kada ka jira "CONNECT 2400" cif, wata rana modam 14400 zai ce da jela a baya. "CONNECT" kaɗai ya isa. Allon da ke da FrontDoor ko BinkleyTerm, manhajojin amsa kiran wasiƙun FidoNet, a gaba yana son Esc sau biyu kafin ya shigar da kai. Kada ka kira allon da ke cikin FidoNet a sa'ar da aka keɓe wa musayar wasiƙu ta yankinsa, ba a karɓar mutane a lokacin. In layinka na sanar da kira na biyu, sa *70 da waƙafi gaban lambar don kashe sanarwar, a Amurka ke nan. Kashe launukan ANSI a asusun da sikirif ke amfani da shi, lambobin launi na tsinka kalmar da kake jira gida biyu. Saitin haɗin kwamfuta da modam ya zama 8N1. Taken saƙo a QWK na asali harafi 25 ne, abin da ya wuce a datse. Kalmar sirri kuma kada ta zauna a cikin sikirif ɗin da za ka raba wa abokai, na ga an yi.

Masu aika Hausa kuwa, ku sani tsofaffin alluna da jerin haruffan CP437 suke aiki, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a ciki. Ka tura fayil na UTF-8, ƙ ta fito ╞Ö, ɗ ta fito ╔ù, "ƙasa" ta zama zanen akwati. Sababbin fitowar manhajojin allo irin Synchronet sun san UTF-8, amma mai karantawa da tsohuwar kwamfutar DOS bai sani ba. Ni kafin a ƙunshe saƙo nakan sa sikirif ya mayar da su k', d', b', ya kuma datse kowane layi kada ya wuce harafi 79.