Yadda Ake Ɗaukar Hoton Kayan Miya da Waya

Ka ɗauki hoton da sassafe kafin ƙarfe 9, ko bayan la'asar. Rana in ta take, fatar tumatir ƙyalli take yi, jan ya dushe. In dole ne da rana, kai kwandon inuwa, amma ban da ƙarƙashin rumfar shuɗiyar leda, don launinta kan rine kayan.

Goge idon kyamara, ka kashe filasha. Matso kamar kamu ɗaya maimakon jawo hoton da yatsa, wanda ke sa shi dishi-dishi. Taɓa tumatirin gaba a fuskar wayar ya fito sarai, sannan ka ɗan rage haske.

Jera tattasai a faifai, ka bar masa hancinsa kore. Alayyafo kuwa a yayyafa masa ruwa kaɗan. A kasuwa, fara neman izinin mai kaya.