Yadda Za Ka Haɗa Wasan Rawa da Gwanintar Jiki a Unguwarku, da Abin da Na Ɗauko Daga Mutanen Wels

Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar firamare a Agege, kuma da yamma ina koya wa yaran layinmu alkafura da tsayuwa da hannu da jifa da cafe. Wannan rubutu na masu irin aikina ne, a Idi-Araba ko Mile 12 ko Alaba Rago ko Obalende, waɗanda ke da yara masu jini a jika kuma suke son haɗa wasa guda da unguwa za ta fito ta kalla da Sallah ko lokacin hutun makaranta. Shawarata ita ce ka fara da tarihin unguwa da aikin hannun mutanenta, alkafura ta zo daga baya. Wasan da aka ciro daga sana'ar iyaye shi ne wanda iyaye ke barin 'ya'yansu su shiga, su kuma zo su zauna har a tashi.

Wannan tunani na same shi ne daga karatu da kallon bidiyo kan yadda mutanen yankin Wels na Birtaniya ke riƙe da wasanninsu. Ƙaramin yanki ne, mutanensa sun ɗan haura miliyan 3, kuma a ƙidayar 2021 kimanin mutum 538,000 ne suka ce suna jin harshen Wels. Suna da wata rawa da suke kira clocsio, wadda ake yi da takalmi mai tafin katako. Takalmin nan na ma'aikata ne, na 'yan ƙwadago a gonaki da masu fasa dutse. Da shi suke zuwa aiki, da shi kuma suke gasar buga ƙasa idan an tashi. Mai rawar ba ya tsayawa kan bugu kawai: yana tsallake sandar tsintsiya da ke riƙe a hannunsa, yana kashe wutar kyandir da ƙafafunsa yana sama, yana durƙusawa yana harba ƙafa. Rawa ce da gwaninta a haɗe, kuma duk kayan aikinta abin da ke cikin ɗaki ne.

Sauran raye-rayensu sun kusa ɓacewa a ƙarni na 18 da na 19, lokacin da wa'azin majami'u ya tsananta kan kiɗa da rawa. Wasu daga ciki an ceto su ne daga bakin mutum ɗaya. Raye-rayen ƙauyen Nantgarw, kusa da birnin Kadif, wata tsohuwa ce mai suna Margretta Thomas ta tuno su tun daga ƙuruciyarta, 'yarta ta rubuta. A 1949 aka kafa ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta Wels, kuma yau yara na gasar waɗannan raye-raye a babban taron da ake kira Eisteddfod, wanda ake yi duk shekara a watan Agusta, ana danganta asalinsa da wani taron mawaƙa da aka yi a garin Aberteifi a 1176. A Kadif ɗin kuma akwai ƙungiyar wasan sakos, wato wasan gwanintar jiki a gaban 'yan kallo, mai suna NoFit State, wadda wasu abokai suka kafa a 1986. Ba ta wasa da dabbobi, tana koyar da yara da manya na unguwanni, kuma ta yi suna da wasannin da 'yan kallo ke tsaye suna zagayawa, wasa na gudana a gefensu da samansu.

Ba rawarsu za mu kwaikwaya ba. Hanyar da suka bi ita ce abin ɗauka, ga kuma yadda za ka bi ta a Legas.

Ka fara da tsofaffi. Ka je da goro da wayarka mai caji, bayan la'asar, lokacin da dattawa ke zaune a ƙofar masallaci ko a zango. Kada ka ce ka zo bincike, za su ɗauka daga gwamnati kake. Ni abin da nake cewa shi ne: "Baba, yaran nan an haife su a nan, ba su san yadda aka zo ba. Ina roƙon a ba mu labari mu koya musu." Sai ka nemi izini kafin ka kunna naɗar murya, kuma idan an ce a kashe, ka kashe. Tambayi ƙananan abubuwa: wace waƙa ake yi lokacin sauke kaya, yaya ake naɗa huhun goro, wane kiɗa ake yi wa mahauta, ina ake taruwa da daren Sallah. Tsoho ba ya amsa tambayar "ba ni tarihi", amma ka tambaye shi yadda ake ɗaure buhu, sai ka ga ya miƙe yana nuna maka da hannu. Wannan motsin hannun shi kake nema. Ka ɗauke shi a bidiyo.

Kada ka manta da tsofaffin mata. Waƙoƙin gaɗa da na daka da na niƙa a wurinsu suke, kuma su ne suka fi saurin ɓacewa a nan, domin gidan haya mai ɗaki ɗaya ba shi da tsakar gidan da za a yi gaɗa, turmi kuma inji ya maye gurbinsa. Ka tura matarka ko ƙanwarka ko wata malama ta zauna da su.

Daga abin da ka tara, zaɓi labari ɗaya tak. Mu a Agege labarinmu a bayyane yake: goro da jirgin ƙasa. Cinikin goro ne ya zaunar da Hausawa da yawa a nan, kuma bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano, shanu da fata da gyaɗa suka riƙa gangarowa, goro na hawa. Wasanmu ya bi yaro ɗaya da ya sauka a tasha da 'yar jakarsa, ya yi dako, ya yi ga-ruwa, ya kama teburin shayi. 'Yan Mile 12 nasu labarin na tumatir da albasa ne da motocin da ke isowa kafin asuba. 'Yan Alaba Rago nasu na raguna ne. Labari ɗaya ya isa wasan minti 30 zuwa 40, kuma kada ka wuce haka, rana da hayaniya ba za su bar ka ba.

Yanzu aikin da ya fi daɗi, wato ciro wasa daga sana'a. Ka ɗauki yaran ku je ku tsaya ku kalli masu aiki. Mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyayowa cikin wani ba tare da ɗigo ya zuba ba. Ɗan dako yana tafiya da kwando uku a ka cikin cunkoso. Masu sauke kankana suna jefa wa juna ita a jere daga kan mota har ƙasa. Mai gyaran takalmi yana buga akwatinsa yana tafiya, mai yankan farce yana kaɗa almakashi, mai ruwa yana tura kura jarkoki na karo da juna. Duk wannan kiɗa ne da gwaninta, sai dai ba wanda ya taɓa tafa musu. Mun sa yara shida da akwatunan gyaran takalmi suka zama makaɗan buɗe wasa, mai kalangu ya shigo a kansu. Jifan kankana ya zama layin jifa da cafe da ƙwallaye masu launin kore. Kwandunan dako suka zama gasar daidaita kaya a ka, ana durƙusawa ana miƙewa da kiɗa. Wani dattijo da ya yi dako shekaru da yawa ya zo kallon gwaji, ya dakatar da wani yaro ya ce: "Ɗana, ba da wuya ake ɗauka ba, da ƙugu ake ɗauka." Ya gyara masa gammo, ya nuna masa taku. Tun ranar shi ne mai koyar da wannan sashen, kuma shigowarsa ta jawo mana iyayen da da farko suka ƙi.

Muna da namu na gado da za a ɗora a kai. 'Yan hoto suna wurga garma sama su tare ta da jiki. Rawar ƙoroso tana da tsalle da naɗe jiki da ɗaukar juna a kafaɗa. Carafke da 'yan mata ke yi da duwatsu shi ne matakin farko na jifa da cafe, kuma yarinyar da ta iya carafke takan riga maza kama ƙwallo uku. Langa tana koyar da tsayuwa kan ƙafa ɗaya fiye da duk wani atisaye da na sani. Tashe kuma ya riga ya koya wa yaranmu shiga kayan wasa da bin gida gida. Mutanen Wels ma suna da makamancinsa a lokacin sanyi, Mari Lwyd, inda ake yawo da ƙoƙon kan doki a kan sanda ana musayar baitoci da masu gida a bakin ƙofa. Abin da zan ce a bari shi ne wuƙa da wuta. Wasan 'yan tauri na masu shi ne, yaro kuma idan ya gani a fili zai gwada a gida.

Kan lafiyar yara ba na sassauci. Ba a fara gwaji sai an yi ɗumin jiki na minti 10 aƙalla, musamman wuyan hannu da wuya da idon sawu. Ba a koyon alkafura a kan siminti ko kwalta. Ka nemi tsofaffin katifu, ka shimfiɗa biyu ka rufe da tabarma don kada ƙafa ta shige tsakani, ko ku je fili mai yashi ku tsince kwalabe da ƙusoshi tukuna. Duk yaron da zai juya a sama sai da babba a gefensa, hannu ɗaya a bayansa. Idan za a hau juna, na ƙasa ya durƙusa da hannu da gwiwa, na sama ya taka ƙugu ko kafaɗa, kada ya taka tsakiyar gadon baya ko kusa. Hawa biyu ya isa a shekarar farko. Ka koya musu sauka kafin hawa. Tafiya kan igiya a fara ta a tsayin gwiwa, kuma ka duba abin da ka ɗaure igiyar a jiki da hannunka. Yaron da ya bugu a ka ya gama na ranar ko da ya ce lafiya lau, ka kai shi gida da kanka ka faɗa wa iyayensa, idan ya yi amai ko jiri a wuce asibiti. Da azumi ba a gwajin tsalle da rana.

Ƙwallayen jifa ba sai an saya ba. Ka zuba gero ko yashi cikin leda, ka cusa a tsohuwar safa ka ɗinke. Ba sa gangarawa idan sun faɗi, wannan kuwa yana rage wa mai koyo wahala sosai. Tela ɗaya a layi zai ɗinka ɗamara iri ɗaya daga ragowar yadi, kowa ya sa a kan kayansa.

Maganar 'yan mata sai an yi ta tun farko, da iyaye da malaman Islamiyya, a fili. Abin da ya yi mana aiki shi ne mace ce ke koya musu, a wuri daban, sashensu na gaɗa da carafke da jifa da cafe ne, cikin suturarsu, kuma ƙanana ne. Inda iyaye suka fi son su yi nasu a gaban mata kaɗai, a shirya musu rana tasu a cikin makaranta. Gardama da liman a kan wannan ba ta da riba. Ka gayyace shi gwaji ya gani da idonsa, ka kuma tsara lokaci yadda kiɗa zai tsaya kafin kiran salla.

Izini a Legas hawa hawa ne. Ka fara da Sarkin Hausawan yankinku, da shi ko wakilinsa za ka je wurin Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da ƙungiyar masu gidaje ta layin, sannan a kai takarda ofishin 'yan sanda. Idan filin makaranta ne, shugaban makaranta zai faɗa maka inda za a rubuta. Samarin layi kuma ka ba su aiki tun kafin ranar, su riƙe igiyar da ta raba 'yan kallo da fili, su jera kujeru. Wanda aka ba riga da aiki ba ya tada rigima. Ka gayyaci maƙwabta Yarbawa da Ibo, kuma idan akwai masu kiɗan bata, gangar Yarbawa, a kusa, a ba su minti biyar su gaisa da kalangu. Ka sa mai shela da zai riƙa faɗin labarin da Hausa yana ɗan juyawa da Yarbanci ko Turancin buroka, don da yawa daga yaranmu ma da shi suka fi saurin ganewa.

Ka kauce wa Yuni da Yuli, ruwa zai watsa maka taro. Rani ya fi, tsakanin la'asar da magariba, sai ka huta da neman janareta da fitilu. Ka zana da'ira da toka ko farin alli, yara 'yan kallo su zauna gaba, dattawa a kujeru ta inda rana ba ta dukan ido. A ƙarshen wasa ka buɗe fili da taku biyu ko uku masu sauƙi da mai shela zai kira kowa ya bi. A Wels suna da irin wannan rawar taro da suke kira twmpath, mai kira yana faɗin taku, wanda bai taɓa yi ba ma yana shiga.

Kuɗin liƙi shi ke raba ƙungiya, don haka a yanke hukuncinsa kafin ranar, a gaban iyaye. Mutum biyu amintattu su tattara, a ƙirga a gaban kowa a daren. A fara biyan makaɗa abin da aka yi alkawari, a cire na tela da na hayar kujeru, a ware wani abu don katifu da akwatin magani. Ragowar a raba daidai tsakanin yaran, na saman hawa da na ƙasa da mai riƙe kwando duk ɗaya. Dattawan da suka ba da labari a kai musu nasu har gida, tare da bidiyon wasan a wayar wani daga cikin 'ya'yansu.