Yadda za ka sake buga Cool Spot a wayarka

Duk wanda ya yi zaman shagon gem a shekarun 90 ya san Sonic da Mario, amma in ka ce Cool Spot sai a yi ta kallonka. Wani jan ɗigo ne mai baƙin tabarau da farin safar hannu, kamfanin Virgin Games suka fitar da shi a 1993 a Sega da Super Nintendo, kuma asalinsa talla ne kawai, jan ɗigon nan na tambarin 7Up aka yi wa hannu da ƙafa. Mu lokacin ba mu ma gane ba, don Fido Dido muka sani a tallan 7Up, wannan siririn mai gashi a tsaye. Ɗigon na Amurkawa ne. Shi ya sa ma kaset ɗin Turai aka goge sunan lemon daga jikin kwalbar da yake hawa a kan teku in ka kunna.

To ga yadda za ka yi. Ka sauke RetroArch, wato manhajar da ke kunna gem ɗin tsofaffin na'urori, kyauta ne a Android da kwamfuta, ka shiga wajen sauke core, wato ɓangaren da ke kwaikwayon na'urar, ka zaɓi Genesis Plus GX, shi ne na Sega. Fayil ɗin gem ɗin ɗan ƙarami ne, ba zai ci maka data ba, kuma in za ka iya samun kaset na asali ya fi. Ka lura da harafin da ke ƙarshen sunan fayil ɗin, U na Amurka ne E na Turai. Ni dai U nake ba da shawara, yana gudu a 60Hz ba 50 ba, wato ya fi sauri, ga tallan nan ɓaro-ɓaro yadda aka yi shi.

Don Allah ka nemi pad ko na bulutut mai araha ne, buga shi da taɓa sikirin azaba ce, saboda kumfar lemon da yake harbawa kusurwa takwas take tafiya kuma tsallensa yana da wani irin santsi, sai ka ga ka wuce balan-balan ɗin da za ka kama ka faɗo ƙasa.

Abin da ya ɓata mana lokaci muna yara shi ne gudu zuwa ƙarshe kamar Sonic. Ba haka ake yi ba. Ɗan uwanka yana kulle a keji, kuma a Normal, wato matsakaicin wahala, sai ka tara jajayen ɗigo 60 cikin 100 kafin ka iya fasa kwaɗon. Na tuna ranar da muka tsaya gaban kejin nan a matakin farko na bakin teku muna ta harbi, mu huɗu, kuɗinmu na ƙarewa, mai shago yana ta mana dariya ya ƙi faɗa mana. In ka daure ka kai 85 za ka shiga bonas a cikin kwalba kana tsalle kan kumfa, a can akwai haruffan UNCOLA, kowane ɗaya damar ci gaba ce in rayukanka sun ƙare. Ka hau sama sosai, yawancin ɗigon da agogon ƙarin lokaci a can suke ɓoye.

Sai save state, wato ajiye inda ka tsaya a RetroArch, ka dinga yi kafin kowane mataki, musamman Wading Around na cikin ruwa, don asalin kaset ɗin ba ya ajiye komai, da an ɗauke wuta sai dai a koma bakin teku wajen ƙaguwa.