Yadda Ake Bin Salsalar Turawan Ingila da Suka Fara Zama a Amurka

Turawan Ingila sun kafa matsuguninsu na farko mai ɗorewa a Amurka a garin Jamestown da ke Virginia a shekarar 1607, jirgin ruwan Mayflower ya kai fasinjoji 102 Plymouth da ke Massachusetts ta yau a 1620, kuma daga wannan shekara zuwa 1640 mutane kimanin 20,000 ne suka ƙetare Tekun Atlantika suka zauna a yankin New England da ke arewa maso gabashin Amurka. Wanda yake son ya tabbatar da cewa wani iyali ya fito daga tsatson waɗannan 'yan kama-wuri-zauna yana da tazarar shekara 400 a gabansa, kuma ba zai cike ta ba sai ya haɗa ɗa da uba, uba da kaka, da shaidar takardar da aka rubuta a zamaninsu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko sunan wani fasinja da ya shahara, a yi ta gangarowa ana neman inda zuriyarsa za ta haɗu da ta mai nema. Ingantacciyar hanya ita ce a fara daga mutanen da ake da tabbaci a kansu, a riƙa komawa baya.

Matakin farko ba shi da wahala sosai. A tattara takardun haihuwa da na aure da na mutuwa, sannan a shiga kundin ƙidayar jama'ar Amurka, wanda ake samu a shafukan intanet irin su FamilySearch da Ancestry. Ƙidayar 1850 ce ta fara rubuta sunan kowane mutum mai 'yanci da ke cikin gida, amma daga 1790 zuwa 1840 sunan maigida kaɗai ake rubutawa, ita kuwa ta 1890 gobarar 1921 ta lalata kusan dukkanta. Saboda haka da zarar an wuce 1850, nauyin aikin yana komawa kan wasiyyoyi da takardun filaye da rajistar coci.

A nan ya zama dole a gano yankin da iyalin suka zauna, domin abin da ya rage na takardu ya bambanta ƙwarai. Wanda kakanninsa suka zauna a Massachusetts ya yi sa'a, saboda tun 1639 hukumar yankin ta ba da umarnin a riƙa rubuta haihuwa da aure da mutuwa, kuma magatakardan garuruwa da yawa sun kiyaye wannan aiki. Ƙungiyar New England Historic Genealogical Society da aka kafa a Boston a 1845 ta ɗauki nauyin wani babban bincike ƙarƙashin jagorancin Robert Charles Anderson, inda aka bi mutanen da suka iso a waɗannan shekarun farko ɗaya bayan ɗaya, aka bayyana abin da ya tabbata a kan kowa da abin da zato ne kawai. Ƙungiyar zuriyar fasinjojin Mayflower, wadda aka kafa a 1897, ita ma ta tantance jikokinsu na farko. Ya kamata a duba waɗannan ayyuka kafin a kashe lokaci a kan abin da masana suka riga suka warware.

Al'amarin Virginia ya fi wuya. A lokacin yaƙin basasar Amurka gundumomi da dama sun aika takardunsu birnin Richmond don a adana, sai gobarar watan Afrilun 1865 ta cinye su, wasu kuma sun ƙone a kotunansu na gida. Gundumar Northampton ta tsira da takardun kotu da suka faro tun 1632 ba tare da yankewa ba, amma wanda danginsa suka zauna a gundumar New Kent ko Gloucester, inda takardun suka ƙone, sai ya haɗa da takardun mallakar fili da ke ɗakin karatu na jihar. Daga 1618 an riƙa bai wa mutum eka 50 a kan kowane mutum ɗaya da ya biya wa kuɗin jirgi, kuma ana jera sunayen waɗanda aka kawo a cikin takardar filin. Wannan jeri yana da amfani, sai dai a yi hattara da shi, domin ana iya neman filin shekaru bayan isowar mutumin, kuma ana sayar da wannan haƙƙi daga hannu zuwa hannu, don haka ganin suna a takardar wani ba ya nuna cewa a gidansa mutumin ya zauna.

A ganina babu takardar da ta kai wasiyya daraja a wannan aiki, kuma ya kamata a karanta ta gaba ɗaya, kada a wadatu da taƙaitawar da wani ya buga. Mai wasiyya yakan ambaci matarsa, ya raba gona tsakanin 'ya'yansa maza, sannan ya bar wa 'yarsa tukunyar ƙarfe ko katifar gashin tsuntsu yana kiranta da sunan gidan mijinta, kuma sau da yawa wannan layi ɗaya shi ne kaɗai shaidar da ta rage ta asalin wannan mace. A rubuta sunayen shaidu da na wanda aka damƙa wa rabon gado, domin galibi surukai ne ko maƙwabtan da suka taso daga gari ɗaya a Ingila. Kalmomin dangantaka na wancan zamani ma suna da faɗi: wanda aka kira suruki yana iya zama agola, kuma laƙabin babba da ƙarami da ake liƙa wa masu suna ɗaya yana iya nufin bambancin shekaru kawai tsakanin mutum biyu na gari guda. A cikin waɗannan takardu ne kuma mai bincike zai ci karo da sunayen 'yan Afirka da aka bautar, an jera su tare da shanu da kayan gida, kuma haƙƙi ne a kansa ya kwafe su yadda suke, domin akwai jikokinsu da ke nemansu.

Kwanan wata yana rikita mutane da yawa. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila da yankunan da take mulka tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, saboda haka yaron da aka rubuta an haife shi a Fabrairun 1634, a lissafinmu na yau a 1635 aka haife shi. Wannan ne ya sa ake rubuta ƙidayar mazauna Virginia, wadda ta ambaci jirgin da mutum ya shigo da shekarar zuwansa, da 1624/5. Wanda bai lura da wannan ba, yana iya ɗauka cewa an haifi yaro kafin auren iyayensa, ko an rubuta wasiyya bayan mutuwar mai ita.

Ƙetare teku zuwa Ingila shi ne gaɓar da ta fi kowace wahala, kuma a nan ne yawancin salsalar da ake yaɗawa take karyewa. Jerin fasinjoji kaɗan ne suka rage. Akwai na waɗanda suka tashi daga tashar Landan a 1635, akwai kuma rajistar birnin Bristol ta 1654 zuwa 1686 mai ɗauke da sunayen barori kimanin 10,000 da suka amince su yi aikin wasu shekaru a madadin kuɗin jirgi. An umarci cocin Ingila su fara rajistar baftisma da aure da binnewa a 1538, ko da yake da yawa sun ɓace, kuma wasiyyoyin babbar kotun coci ta Canterbury suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan. Samun mai suna iri ɗaya a wani ƙauyen Ingila ba hujja ba ce ko kaɗan, domin masu suna John da Thomas da William ba su ƙirguwa. Hujja ita ce a sami wasiyyar uba a Ingila da ta ambaci ɗansa da ke zaune a New England, ko a ga sunayen mata da 'ya'ya da jerin haihuwarsu sun yi daidai a ɓangarorin biyu, sannan iyalin su ɓace daga rajistar ƙauyen a daidai lokacin da suka bayyana a Amurka. Wasu daga cikin mutanen Plymouth sun zauna a Leiden ta ƙasar Holan daga 1609, don haka a nemi aurensu a takardun can.

Sai kuma a yi taka-tsantsan da tsofaffin littattafan tarihin iyali. Gustav Anjou, wanda ya mutu a 1942, ya shahara da ƙirƙira wa masu kuɗi salsalar ƙarya mai kai su ga gidajen sarauta, kuma har yau ana kwafar ƙirƙirarsa zuwa shafukan intanet. Duk bayanin da bai faɗi takardar da aka samo shi ba, a ɗauke shi a matsayin abin da za a bincika. Gwajin ƙwayoyin halitta yana taimakawa, amma gwajin gama-gari ba ya kaiwa shekara 400 baya da tabbaci. Wanda ya dace shi ne na Y-DNA, mai bin layin maza daga uba zuwa ɗa, kuma yana da ƙarfi idan aka gwada maza da suka fito daga 'ya'ya daban-daban na mutumin da ake bincike a kansa, aka kwatanta sakamakon da na masu wannan sunan a gundumar Ingila da takardu suka nuna.