Takardar ɗaukar aiki biyu a hannu: inda sababbin lauyoyi suka fi yin kuskure

Wanda manyan kamfanonin lauyoyi biyu suka aiko wa takardar ɗaukar aiki, abin da idonsa ke fara faɗawa a kai shi ne albashi. Nan ne kuma bambancin ya fi ƙanƙanta. A Amurka, manyan kamfanonin nan kusan albashi ɗaya suke biya, saboda kowa na kallon hannun ɗan'uwansa. Da Milbank, wani babban kamfanin lauyoyi na New York, ta ɗaga albashin lauyan shekarar farko zuwa dala 225,000 a ƙarshen 2023, nan da nan takwararta Cravath da sauran suka bi sahu. Don haka daina auna albashi, ka auna abin da za a karɓa a wurinka kafin a ba ka shi.

Abin da za a karɓa kuwa shi ne lokacinka. Kamfanonin nan da awa suke cajin masu kawo musu aiki, kuma da yawansu suna son lauya ya cika awa wajen 1,900 zuwa 2,000 a shekara. A takarda, awa 2,000 tamkar awa 40 ne a mako, abu mai sauƙi. To amma ba duk awar da ka zauna a ofis ake caji ba. Taron cikin gida, horo, cike takardar lissafin lokaci, zaman jiran aiki ya sauko, duk ba su shiga. Sai ka yi tambaya ɓaro-ɓaro: awa nawa ne sharaɗin samun garaɓasar ƙarshen shekara? Aikin da ake yi wa marasa galihu kyauta, ana lissafa shi ko kuwa?

Kuskuren da ya fi kowanne tsada a ganina shi ne zaɓen suna. Mutum ya ji sunan manyan kamfanonin Landan irin su Clifford Chance ko Linklaters ko Slaughter and May, ya ga kamfani kaza ya fi kaza da mataki uku a jerin gwanaye, shi ke nan ya sa hannu. Alhali ba sunan ne zai kira ka ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba. Wani mutum guda ne, shugaban sashenka, da lauyoyi biyu ko uku da ke gabanka. Su za su koya maka aiki ko su bar ka kana laluben duhu. Ka hango yara biyu da aka ɗauka rana ɗaya: ɗaya an zaunar da shi ana nuna masa dalilin da ya sa aka soke sakin layin da ya rubuta a yarjejeniya, ɗaya kuma ya shafe wata shida yana duba lambobin shafi. Tambarin da ke kan katinsu iri ɗaya ne, amma bayan shekara uku ba lauyoyi iri ɗaya ba ne.

Gyaran wannan ba wuya. Duba matsayin sashen da za ka shiga, ba na kamfanin gaba ɗaya ba. Jadawalin Chambers, mai jera kamfanonin lauyoyi bisa gwaninta, fanni-fanni yake tantancewa, kuma kamfanin da ya yi fice a cinikin saye da haɗe kamfanoni yana iya zama kurar baya a shari'ar kotu. Sannan ka nemi a haɗa ka da lauyoyin da suka yi shekara biyu zuwa huɗu, ba wanda aka tanada don tarbar baƙi ba. In ka samu wanda ya bar wurin, ka yi gamo da katar, domin shi ba abin da yake karewa. Tambaye shi mutum nawa suka shigo tare, nawa suka rage.

Wasu kuma sukan ɗauka girman kamfani garkuwa ne. Dewey & LeBoeuf ta Amurka ta taɓa tara lauyoyi fiye da dubu, amma ta durƙushe a 2012. A 2009, lokacin karyewar tattalin arziki, kamfanoni da dama sun sallami ƙananan lauyoyi, wasu suka ɗage ranar fara aikin waɗanda suka riga suka ɗauka. In ka ji manyan lauyoyin da ke da hannun jari a kamfanin suna ficewa ɗaya bayan ɗaya, kada ka ce ba ruwanka.

Maganar zama mai hannun jari ma a yi hattara da ita. Yawanci hanyar shekara takwas zuwa goma ce, kuma kaɗan ne ke kaiwa. Akwai ma waɗanda ake ba muƙamin amma ba su da kaso a riba. Tambayar da ta fi amfani ita ce: waɗanda suka fita daga wannan sashe, ina suka nufa?

Sai kuma gaggawa. In an ba ka wa'adin mako guda, neman ƙarin kwanaki cikin ladabi ba laifi ba ne. Abin da ba a yi shi ne ka amsa wa kamfani ɗaya, sannan ka janye don wani ya fi ƙyalli. Duniyar lauyoyin nan ƙarama ce, wanda ka yi wa haka yau kana iya tarar da shi gobe zaune a ɗaya ɓangaren teburin ciniki.