Kurakuran da ɗaliban injiniyancin injina suka fi yi, daga digirin farko zuwa na biyu

Yawancin masu shiga sashen injiniyancin injina da burin ƙera mota ko jirgin sama suke zuwa, sai su tarar shekarar farko ba komai sai lissafi, fiziks da zanen fasaha. Tun daga nan ake fara ɓata rawa da tsalle: a haddace dabarun kalkulas don a tsallake jarrabawa, ana fitowa a watsar. Bayan shekara biyu, darasin girgizar inji da na tafiyar zafi da na gudanar ruwa duk sai su dawo da wannan lissafin, kuma malami ba zai tsaya ya sake koyar da shi ba. Maganin shi ne ka riƙa warware tambayoyi da hannunka, littafin amsoshi a rufe. Kallon wani yana warwarewa a bidiyo yana sa ka ji kamar ka iya, sai an ba ka farar takarda ka gane ba haka ba ne. Kuma kafin ka rubuta ko layi ɗaya na lissafi, zana abin, ka sa kibiya a kan kowane ƙarfi da ke tura shi ko jan shi. Galibin amsoshin da ke fita a karkace, kibiya ɗaya ce aka manta.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne wasa da ma'auni. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter saboda manhajar wani ɓangare tana fitar da alƙaluma da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma yana ɗaukarsu a matsayin niyuton, bambancin kusan ninki 4.45. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A aji ma abin yana faruwa kullum. Ɗauki injin da ke karɓar zafi a digiri 500 na Salsiyas, ya fitar a digiri 30. Ɗalibin da ya zuba waɗannan lambobin kai tsaye a ƙa'idar Carnot, wadda ke ba da iyakar ingancin injin zafi, zai samu inganci kashi 94 cikin ɗari, ya ja layi biyu a ƙarƙashi yana murna. Da ya mayar da su kelbin, wato 773 da 303, da ya samu kusan kashi 61, kuma wannan ma iyaka ce da babu injin gaske da ke kai mata. Ka rubuta ma'auni a gefen kowace lamba har ƙarshen aikin, sannan ka tambayi kanka ko amsar ta yi kama da abin da ake gani a duniya.

Wannan tambayar ce ke ɓacewa da zarar ɗalibi ya fara amfani da manhajojin zane da gwajin ƙira irin su SolidWorks ko ANSYS. Kwamfuta za ta fito da hoto mai launuka, ja a inda matsi ya yi yawa, shuɗi a inda babu, sai a kwafa a manna cikin rahoto. Ai manhaja ba ta musu, abin da ka ba ta shi take tauna. Idan kana aiki da milimita da niyuton, taurin ƙarfe kusan 200,000 ne a megafaskal. Ka rubuta 200, lanƙwasar za ta fito ninki dubu, hoton kuma zai yi kyau yadda ya saba. Kafin ka yarda da ita, yi ƙiyasi a takarda da siffa mai sauƙi. Sandar da aka kafe gefe ɗaya aka ɗora mata nauyi a baki, idan tsawonta ya ninka biyu, lanƙwasarta takan ninka takwas. Wanda ya san irin wannan a ka ba a saurin yaudararsa. Sannan ka ƙara ƙanƙanta ragar lissafin, wato ƙananan gutsattsarin da manhajar ke raba siffar zuwa gare su, ka sake gwadawa. Idan amsar ta ci gaba da sauyawa sosai, ba ka iso ba tukuna.

Akwai kuma masu raina ɗakin ƙira, suna ganin aikin makanike ne. Su ne ke zana sanda mai faɗin milimita 20 da ramin milimita 20, ba su faɗi sararin da aka yarda a bari tsakani ba, sai mai injin yanka ya dawo musu da takardar. Su ne kuma ke zana kusurwar ciki mai kaifi, alhali bakin na'urar yankan zagaye yake. Kusurwa mai kaifi ma wurin taruwar matsi ce. Jiragen fasinja samfurin Comet guda biyu da suka tarwatse a sama a 1954, binciken da aka yi a Farnborough ta Ingila ya nuna gajiyar ƙarfe ce, wato raunin da maimaituwar matsi ke jawowa, tsagewar ta faro daga kusurwoyin ƙofofi da tagogin jikin jirgin. Don haka lokacin horon masana'antu, kada ka tsaya neman sa hannu a littafi kawai, tsaya kusa da mai walda da mai injin yanka ka yi ta tambaya.

Digiri na biyu nasa kurakuran daban ne. A yawancin ƙasashen Turai shekara uku ake yi a na farko, biyu a na biyu. A Amurka na farkon shekara huɗu ne. Ko ina ne dai, mastas, wato digiri na biyu, wurin zaɓar fanni ɗaya ne a nutse a cikinsa, kamar makamashi, mutum-mutumi ko ƙirar kayan aiki, saboda haka wanda ya shiga don kawai aiki bai samu ba yakan wahala. Sunan jami'a ma bai kai muhimmancin malamin da zai duba bincikenka ba: karanta abin da ya wallafa kwanan nan, ka tambayi ɗalibansa ko yana samuwa, ka tabbatar na'urar gwajin da kake buƙata tana aiki. Taken bincike irin "inganta injin dizal" ya fi ƙarfin shekara biyu. Rage shi zuwa tambaya ɗaya da za a iya aunawa, misali yadda sauya lokacin fesa mai ke shafar hayaƙi a wani takamaiman gudu. Ka fara rubuta kundin tun watan farko, ka ajiye littafin da kake rubuta ranar kowane gwaji da yadda ka saita na'ura, domin a ranar kare kundi mai jarrabawa zai iya tambayarka zafin ɗakin a lokacin da ka ɗauki wata lamba watanni da dama baya.